Ruwan Rini da Gawayi

 Yau maganar ruwan rini za mu yi, musamman ke da kike rina shadda da mayafai a gida da kalar kanti da soda. In kin gama, ina kike zubar da ruwan?

Shi ruwa gangarawa yake yi. Masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa a Kano sun daɗe suna sakin dagwalonsu a Kogin Challawa. Shi kuma ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗejiya, mai shayar da fadamunmu har Baturiya, inda ake noman shinkafa da su, tsuntsayen Turai kuma suke sauka da hunturu. A 2008 ma aka sa dausayin Baturiya a jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya. To kalar kanti ba kamar babar marinar Ƙofar Mata ba ce, ba ta ruɓewa da wuri. Tana tare hasken rana, ciyawar cikin ruwa ta mutu, kifi ya rasa iska.

Abin mamaki, masana gawayi suka koma wa. Sukan ƙona ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, abin da muke zubarwa a juji, su sarrafa shi da tururi mai tsananin zafi har ya yi ƙofofi mitsi-mitsi da ido ba ya gani. Sai a yi faifai biyu da shi, a tsoma a ruwan, a jona musu wutar da ba ta fi ta batirin tocila ba. Ƙwayoyin kala da yawa suna ɗauke da caji, sai faifan ya ja su, su maƙale a ƙofofin nan, ruwa ya washe. In faifan ya cika a juya wutar, ya saki kalar a wani mazubi, a sake amfani da shi.

Galibin aikin nan yana ɗakin bincike tukuna, kuma gawayin murhunki bai kai wannan ba. Don haka kada ki tace ruwan rini da shi ki ce ya shawu, ko dabba kada ki ba. Ki sa a haƙa miki rami nesa da rijiya, ki riƙa juyewa ciki ki rufe saboda yara. Lokacin haɗa soda kuma ki sa safar hannu ta roba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.