Ta Yaya Za Mu Auna Yardar Ɗalibi da Iyawarsa?



Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ɗalibai biyu masu kai ɗaya, waɗanda idan lissafi ya yi tsauri ɗaya ya dage, ɗayan kuwa ya ajiye biro ya naɗe hannu. Sau da yawa abin da ya raba su shi ne abin da kowannensu ya yarda zai iya. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam da ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, shi ya kafa wannan batu a wata maƙala a 1977. Ya ce babban tushen yardar shi ne nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa. Sai ganin tsara ya ci nasara, da ƙarfafa gwiwa daga wanda ake jin maganarsa, da halin jiki irin faɗuwar gaba a ɗakin jarrabawa.

A wajen awo ne nake da damuwa. Akwai sanannen ma'aunin da Ralf Schwarzer da Matthias Jerusalem suka tsara a Jamus, mai tambayoyi 10, kowace da zaɓi daga 1 zuwa 4. Yana da sauƙin rabawa, shi ya sa masu bincike ke rububinsa. Amma tambayarsa a kan matsalolin rayuwa ne baki ɗaya, alhali yarinyar da ba ta shakkar rubuta insha'i tana iya karaya da ganin aljabara. Bandura da kansa, a jagoran da ya fitar a 2006, ya ce a ɗaure tambaya da takamaiman aiki, a jera ayyukan daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ɗalibi ya ba kansa maki daga 0 zuwa 100 kan abin da zai iya yanzu.

Jarrabawar PISA ta 2012, wadda ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, ta bi wannan hanya ta ɗaure tambaya da takamaiman aiki. An tambayi yara ko za su iya lissafa farashin talabijin bayan ragin kashi 30 cikin ɗari, ko warware 3x+5=17, ko karanta jadawalin jirgin ƙasa. Sakamakon ya nuna 'yan mata sun fi raina iyawarsu ko da makinsu ɗaya da na maza. Yaran Japan kuma, duk da suna sahun gaba a lissafi, yardar da suka bayyana ba ta kai ƙwazonsu ba. Ke nan tarbiyya tana shiga cikin amsa.

Wannan ya shafe mu sosai. Yaron da aka rena da kunya ba zai bugi ƙirji a gaban malaminsa ba, wani kuma zai zaɓi amsar da yake zaton ana so. Don haka ina roƙonku, malami ya fita daga aji lokacin cike takardar tambayoyin, a sa lamba a madadin suna, a kuma sauya jadawalin jirgi da abin da yaro ya sani, kamar kuɗin mudu bakwai na gero.

Kada kuma a tsaya nan. Frank Pajares, wanda ya koyar a Jami'ar Emory, ya riƙa nuna wa ɗalibai tambayoyi su kimanta kansu, sannan ya ba su su warware. Mu yi haka. Wadda ta ba kanta 30 ta kuma warware daidai, a nuna mata takardarta, a ƙara mata aiki mai ɗan wuya. Wanda ya ba kansa 90 ya faɗi, yabo ba zai amfane shi ba, sai malami ya zauna da shi su gano inda lissafin ya kuɓuce masa.