Gado da Wasali: Yadda Abinci Ke Juya Karatun Jiki



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata magana da ta zauna a bakin jama'a, watau idan likita ya ce da mutum yana da hawan jini ko ciwon sukari, sai ya ce ai gado ne, daga nan kuma ya sallama. Lalle akwai gaskiya a cikin zancen, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma rabin gaskiya ce, ragowar rabin kuwa tana cikin akushi.

Da farko dai, a jikin kowane ɗan Adam akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000, waɗanda ya samo daga uwa da uba. Ba sa sauyawa don an ci tuwo ko an kwana da yunwa. Abin da ke sauyawa shi ne yadda jiki ke karanta su. Wanda ya san ajami zai gane wannan nan da nan. Idan aka rubuta baƙaƙen g da d, to, wasali ne zai raba gardama ko gida ake nufi, ko gado, ko gada, ko guda. Haka nan jiki ke ɗora wasu 'yan alamomi, da masana ke kira metil, a kan ƙwayoyin gado. Inda alamar ta hau, sau da yawa sai ƙwayar ta yi shiru. Kayan haɗa alamomin nan kuwa daga abinci suke zuwa, kamar ganyaye da wake da hanta da ƙwai.

A shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna haka a jikin ɓeraye masu gado iri guda. Uwayen da aka ƙara wa waɗannan sinadarai a abinci suka fi haihuwar 'ya'ya masu ruwan ƙasa, maimakon rawaya. Rawayen kuwa su ne aka sani da teɓa da ciwon sukari.

To, ɗan Adam fa? Ba a yin irin wannan gwaji a kansa, amma yaƙi ya yi. Daga ƙarshen 1944 zuwa watan Mayu na 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyoyin abinci zuwa yammacin ƙasar Holan. Rabon da ake bai wa mutum a yini ya faɗi ƙasa da kalori 1,000, bai kai rabin bukatar baligi ba, mutane kimanin 20,000 suka mutu. Da yake asibitocin ƙasar sun adana takardun haihuwa, sai aka bi sawun jariran da ke ciki a lokacin. Da suka manyanta aka tarar sun fi sa'o'insu ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya. A 2008 kuma aka auna jininsu, aka ga alamomin metil a kan wata ƙwayar gado mai kula da girman jiki ba su kai na 'yan'uwansu da suke ciki ɗaya ba. Yunwar 'yan watanni ke nan ta bar tabo na shekara 60.

Kada a ɗauka labarin Turai ne kaɗai. A 2010 aka buga sakamakon binciken da aka yi a kan 'yan kasuwa fiye da 1,300 a Inugu. Waɗanda yunwar yaƙin basasa ta sama suna ciki ko suna goye sun fi sauran hawan jini da yawan sukari a jini, alhali shekarunsu ba su wuce 40 da 'yan kai ba. A karkarar Keneba ta ƙasar Gambiya kuma, an gano cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, alamominsu sun bambanta da na waɗanda aka ɗauka da rani.

Bayanin da masana suka bayar, tun daga aikin David Barker na Ingila a shekarun 1980, shi ne cewa ɗan tayin da abinci ya yi wa ƙaranci yakan shirya jikinsa domin duniyar fatara, ya zama mai tattali da ajiya. Idan ya girma ya tarar da yalwa, sai shirin ya zame masa cuta. A nan ne zancen ya shafi wannan zaure. Yaron da aka haifa a ƙauye lokacin farin 1973, yau ya haura shekara 50. Mai yiwuwa yana bisa kujerar ofis tun safe, mota ta kawo shi ta mayar, farar shinkafa da lemon kwalba sun maye gurbin gero da miyar kuka.

Duk da haka, ba a rufe ƙofa ba. A 2002 aka bayyana sakamakon wani gwaji a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora a kan rage nauyi da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100.

Daga ƙarshe, nauyi biyu ne ya hau kan masu sauraro. Ma'aikaci ya auna jininsa, ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya rage gishiri da sukari. Mai tsara manufa kuma ya sani cewa ciyar da mace kafin ciki da lokacin goyon ciki shi ne rigakafi mafi arha ga cututtukan da za su cika asibitoci bayan shekara 50. Baƙin da aka gada ba ya gogewa, amma wasalin yana hannun mai ludayi.