Tarwaɗa ce ko ramboshi?

Masu sauraronmu na Badagishiri da kewaye, musamman masunta, ku daina haɗa tarwaɗa da ramboshi a suna ɗaya. Dukansu ba su da ɓawo, kowanne gashin baki takwas gare shi, shi ya sa ido ke ruɗewa. To, ku dubi baya. Fiffiken tarwaɗa ɗaya ne, ya miƙe har kusa da wutsiya. Na ramboshi biyu ne: na gaba mai ƙashi, na bayansa tsoka zalla. Ramboshi ya fi girma nesa ba kusa ba, don haka wanda ka ɗauka babbar tarwaɗa wataƙila ɗan ramboshi ne da bai ƙosa ba. Malam masunci, irin wannan a mayar da shi ruwa.