ƘUGIYA MAI KAN DALMA: YADDA AKE HAƊA TA DA YADDA AKE SHAFA MATA FENTI

Jawabin da wani ɗan'uwanmu masunci ya yi wurin taron wata na ƙungiya, nan Yamai. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, don waɗanda ba su samu zuwa ba.



Kun san garinmu ba garin ruwa ba ne. Ni da su ban gada ba. Yunwar 1984 ce ta koro ni Yamai, ina saurayi, ba jari ba sana'a. Wani tsohon Basarke na Gamkalle, Allah ya jiƙan shi, ya ɗauke ni ina tuƙa mashi jirgi. Shekara ta zagayo, cikin watan Yuni na 1985, munka ga abin da ko shi bai taɓa gani ba: gulbi ya tsaya cik, yara suna ƙetarewa da ƙafa kusa da gadar Kennedy. Kifin da ya rage ya taru cikin gurabu masu zurfi, tsakanin duwatsu, inda birgi ba ya shiga sai ya kece. A nan tsohon ya koya mani abin da nike so in gaya maku yau.

Dalilin maganar shi ne samarinmu da ke zuwa cin rani. Da yawa suna sha'awar su, amma taru da kalli da jirgi sun fi ƙarfin aljihunsu. Kifin ƙarya na roba da ake kawowa daga waje kuwa yana da tsada, kuma jifa ɗaya dutse na iya riƙe shi, kuɗinka su tafi. Wadda ka haɗa da hannunka, in ta maƙale ka tsinke zare ka ɗaura wata, zuciyarka ba ta ɓaci ba.

Sai mu fara da kifin da ake nema. Giwan ruwa, wanda mutanen birni ke ce ma kapitan, ba ya cin laka ko ciyawa. Mafarauci ne, ƙananan kifi yake ci, irin su kawara da ƴaƴan karfasa. Yana laɓewa gindin dutse ko ƙarƙashin icen da ya nutse, ya jira. Ya fi farauta da asuba da kuma gab da magariba, don idonshi na gani cikin duhu-duhu. Yana girma ƙwarai, babbanshi na iya kai mita 2. Shi ne ake gasar kamawa a bikin su na Argungu, wanda anka fara tun 1934. To, ƙugiya mai kan dalma yaudara ce kawai: kan yana da nauyi, shi ke fara nutsewa, wutsiya na bin shi tana kaɗawa, sai giwan ruwa ya zaci ƙaramin kifi ne mai rauni.

NA ƊAYA: KAYAN AIKI. Ƙugiya mai dogon wuya kuma mai kauri, don siririya miƙewa take in babba ya kama. Dalma. Zare mai ƙarfi. Gashin wuyan zakara, ko gezar rago, ko zaren farin buhu da anka warware. Fenti fari da baƙi da rawaya da ja. Sai mazubi. Mazubin farko da na yi, rami ne na sassaƙa cikin busasshen icce, kamar rabin ƙwan kurciya, da ɗan tsagi inda ƙugiya za ta kwanta. Yana aiki, amma bayan zubi kaɗan yana ƙonewa. Wanda ya fi shi ne ka kai samfuri wurin masu zuba tukwanen alminiyum a kasuwar Katako su zuba maka mai murfi biyu. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, alminiyum kuwa sai 660, shi ya sa mazubin ba ya lalacewa.

NA BIYU: ZUBI. Ka lanƙwasa wuyan ƙugiya kusa da ido da filaya, sannu a hankali, yadda idon zai dubi sama gefe ɗaya da tsinin. Kada ka sa ta wuta don ta yi taushi, ƙarfinta zai tafi. Amfanin lanƙwasar shi ne tsini ya riƙa tafiya yana kallon sama, sai ta rage kama dutse. Ka kwantar da ita cikin mazubi, idon na waje, ka ɗumama mazubin gefen gawayi, sannan ka zuba dalma a zubi ɗaya ba tsayawa. In ta huce ka goge bakin da zarto. Ka yi masu nauyi iri uku, giram 10 da 20 da 30, don ƙarfin ruwa ba ɗaya ba ne kullum.

A nan zan tsaya, dattawa, don wannan ita ce maganar da ta fi ƙugiyar kanta. Ku dubi bayan hannuna. Wannan tabon, mazubi ne na wanke ban bari ya bushe ba. Ɗigon ruwa ɗaya ya haɗu da narkakkar dalma, ta yi tsalle ta watsu. Allah ya tsare idona. Amma ƙuna ana ganinta, gubar dalma kuwa ba a ganinta. Tana shiga ta ƙura da hayaƙi da hannun da ba a wanke ba, ta zauna cikin jini, kuma ƙananan yara da mata masu ciki ta fi yi ma lahani. Tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, ba ta gyaruwa. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 sunka rasu saboda ƙurar dalma ta dutsen zinariya da ake dakawa cikin gidaje.

Saboda haka: kada a narka dalma cikin gida ko inda ake girki. A yi a fili, iska na bayanka. Ludayin ƙarfen da ka narka da shi, kada ya koma hannun uwargida har abada. Kada a fasa batirin mota don neman dalma, tsohuwar dalmar birgi ta isa. Dattin da ke tasowa sama kada a zubar inda yara da kaji ke wasa. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko goro. Kuma al'adar nan tamu ta masunta ta matse dalma da haƙori, a bar ta. Wanda ba ya da wurin da ya dace, ya ɗaure notin ƙarfe a wuyan ƙugiya da waya. Ba ta yi kyau kamar ta zubi ba, amma tana kamu.

NA UKU: FENTI. Dalma ba ta riƙe fenti sai an goge ta ta yi kaushi. Ka fara shafa fari, ka rataye ta a waya ta kwana. Kashegari ka sa launi na biyu a bayan kan, ka bar cikin fari, don haka ƙananan kifi suke: baya duhu, ciki haske. Ido kuwa, ka tsoma gindin ƙusa cikin rawaya ka ɗiga, in ya bushe ka ɗiga baƙi a tsakiya da tsinken ashana. Ɗan layin ja a wuya yana kama da jini. Daga ƙarshe ka bi ta da man farce marar launi na mata, sau biyu, don ya tsare fentin daga dutse. Ka toshe idon ƙugiya da tsinke lokacin shafawa, kuma ka bar ta kwana uku warin ya fita. Bayan haka ka ɗaura wutsiya, tsawon ɗan yatsa, kada ta yi yawa har ta rufe tsini.

Wane launi? Gulbi shi zai gaya maka. Gulbinmu sau biyu yake cika a shekara. Da damina, wajen Agusta da Satumba, jan ruwa ke zuwa daga Sirba da Dargol da Goruwal, cike da laka. A lokacin kifi ba ya gani nesa, motsi yake ji da layin nan na gefen jikinshi. Sai ka sa baƙa ko rawaya mai kaurin wutsiya, ka ƙara guntun cokali mai walƙiya. Da sanyi, wajen Disamba da Janairu, ruwan Gini ke isowa, ya fi haske kuma yana da ƙarfi: fara mai nauyi, da ɗan zaren takardar azurfa ta kwalin shayi cikin wutsiya. Daga Maris zuwa Yuni ruwa ya janye, kifi ya yi wayo, sai ƙarama marar nauyi. Kifi na ganinka, mai jar koma.

NA HUƊU: JIFA. Ka jefa sama da gurbi, ka bari ta taɓa ƙasa, ka ɗaga kamu ɗaya, ka sake ta ta faɗi. Yawanci lokacin faɗuwar yake kamawa. In ka ji nauyi, ka fizga sau ɗaya, kada ka naɗe zare a hannu, babba na iya yanka ka ko ya jawo ka ruwa. Inda akwai tsage, ka sa taƙi ɗaya na waya gaban ƙugiya, silin wayar birkin moto ya isa, don haƙoranshi na datse zare. Inda ka ga dorina da ɗanta, ka bar mata wurin, komai yawan kifinshi. Kuma ka nemi takardar izinin su wurin ma'aikatan gandun daji kafin ka fara.

Abu na ƙarshe. Gulbin yau ba shi ne na ƙuruciyata ba. Rairayi ya cike gurabu da yawa, masu ƙaramin ido na taru suna kwashe ƴaƴan kifi. Giwan ruwan da bai kai kamu ɗaya ba bai yi ƙwai ba tukuna. In ka kama shi, ka cire ƙugiya a hankali ka mayar. Ƙugiya ta fi taru a nan, don ɗaya ɗaya take kamawa, kana da zaɓi.

Roƙona ga ƙungiya biyu ne. A cire kuɗi kaɗan daga asusu a zuba mazubi biyu, su zama na kowa. Kuma a samu wuri guda bakin gulbi, nesa da gidaje, inda za a riƙa zubi rana ɗaya a wata, da babba a wurin. Ni na ɗauki alkawarin koya ma duk yaron garinmu da ya zo, kyauta, yadda anka koya mani.

In na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare na gida da na waje.