Motar Fetur a Bakin Bahaushe: Lacca Kan Harshen Tasha a Kudancin Kano

Kwanar Ɗangora da ke Ƙaramar Hukumar Kiru ita ce mararrabar da hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa. A wannan hanya mota ta daɗe da zama 'yar gida, musamman tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Direba, karen mota, ɗan kamasho da bakanike sun gina harshensu, jama'a kuma suka ara. Mai surutu bakinsa ba birki. Wanda ƙarfinsa ya ƙare an ce injinsa ya buga, malalaci kuwa sai an tura.

Masu cewa waɗannan kalmomi gurɓata Hausa ne ba su da hujja. Wanda ya ce totur ko salansa Hausa yake yi. Kuskuren da ya fi wannan shi ne na jami'an da ke ɗora jinkirin barin fetur a kan al'ada.

A duba kalmomi uku. Ta farko ita ce mai. Bahaushe ya ɗauki sunan man gyaɗa da man shanu ya ba wa fetur, mota ta zama mai rai: tana shan mai, ana kai ta gidan mai, ana yi mata juyen baƙin mai. Ta biyu ita ce gas, kuma a nan matsalar take. A tasha, gas shi ne abin da tirela da tanka ke sha. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ta fito da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Direban motar J5 da ya ji sanarwar yana iya fahimtar man manyan motoci ake nufi, ko tukunyar girki da kowa ke tsoron fashewarta. Ba a tsaya an raba masa ukun ba, alhali bututun iskar gas da aka taso da shi daga Ajakuta Kano ya nufa.

Ta uku ita ce wuta. Direba ya daɗe yana ba mota wuta, lantarki ma wuta ne, caji kuwa wayar hannu ta koya wa kowa. Harshe ya riga ya shirya wa motar lantarki. Wutar ce babu, ko a Bebeji inda madatsar ruwan Tiga take tun zamanin Audu Bako. Mai mota yana riƙe da fetur ne domin ɗan bumburutu na bakin hanya da galan, bakanike kuma yana gane ciwon inji daga ƙararsa.

Wajibi ne a tsayar da suna guda na iskar gas ta mota tare da ƙungiyar direbobi, a horar da bakanikan Kwanar Ɗangora da Tudun Wada kafin a kawo motoci masu amfani da ita. Sassan Hausa na jami'o'i kuma su tattara kalmomin tasha daga bakin tsofaffin direbobi.