Fitila mai kunna kanta a ƙofar gareji

Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan shekarun da ta yi a rufe saboda ta'asar 'yan bindigar dazukan Kamuku da Kuyambana, hada-hada ta fara dawowa. Babura da motocin kaya suna kwana a zauruka da garejin gidajen yankin Magajin Gari, hankalin masu su kuwa yana kansu har asuba.

A nan ne fitilar sola mai kunna kanta take da rana. Ɗan farin ƙoƙon da ke ƙasanta yana jin ɗumin jikin duk abin da ya gitta, mutum ko dabba, sai haske ya ɓalle nan take, ya ɗauke in motsi ya tsaya. Da yake ba ta kwana a kunne, cajin yini guda yakan kai ta safiya, ko da wutar lantarki ko babu.

Wajen kafawa ake kuskure. A ɗaga ta kamar mita biyu da rabi, ta fuskanci ƙofar gareji. In ta kalli titi, kowace akuya da kowane ɗan acaɓa sai sun tashe ta, batir ya ƙare tun tsakar dare. Da hunturu kuma ƙura kan lulluɓe farantin sola, sai an riƙa goge shi da tsumma.

Ba za ta tare mai bindiga ba, wannan aikin hukuma ne. Amma ɓarawon babur ya tsani haske, dattijon da ya fito sallar asuba da damina kuma zai ga maciji kafin ya taka shi.