CIWON DUNDUNIYA: JAWABIN LIKITA GA MANOMA

Ran kasuwa, likita ya tara manoma, ya yi musu jawabi bisa ciwon dunduniya.

Ya ce ciwon ya hi tsanani da sahe, sa'ad da mutum ya hwara taka ƙasa. Jijiyar ƙahwa ce ta kumbura. Hoton likita yakan nuna tsinin ƙashi, amma da yawa masu tsinin ba su jin komi.

Ya ce maganin yana da zahi, shi ya sa waɗansu ke gudu. Na hwarko shi ne miƙe jijiya. A dahe bango, a ja ƙahwa baya, dunduniya bisa ƙasa, a ƙirga 30. A yi haka sau 3 kowace rana.

Na biyu allura ce. Tana da zahi ƙwarai. Bayan an yi ta, a huta kwana 2. Kada a yawaita ta, jijiya na iya tsinkewa.

Ya hana sakiya da tsaga, don miki suke ƙarawa. A riƙa sa takalmi mai taushi.

Cikin mutum 10, 9 suna samun sauƙi cikin wata 10 ba a yi musu aiki ba. Wanda ya daure tun kaka, da yardar Allah damana ta iske shi gona.